Daga Zaure Zuwa Farfajiyar Gidan Wasa: Waiwaye Kan Nunin Zane a Ƙasar Maraɗi

Duk wanda ya saba shiga gidajen al'adu na ƙasarmu ya san kafin ya kai mazauninsa na kallo sai ya ratsa wata farfajiya ko baranda. A nan ake rataye zane-zane da hotuna, a jera aikin fata da na ƙwarya, su yi ƴan makonni a kwashe a kawo wasu. Wannan ɗabi'a ta girmi gine-ginen da ake yin ta a cikinsu nesa ba kusa ba. In muka bi sawunta daga garuruwan Gobir irin su Tibiri da Gidan Sori da Gidan Rumji, muka ratsa Maraɗi da Damagaram har Yamai, abu biyu za mu yi ta cin karo da su: gwanintar mai zane tana samun masu kallo ne a inda jama'a ke tsayawa su yi jira, kuma tana ɗorewa ne in ana sauya abin da aka nuna, ana kuma yawo da shi gari gari. Duk zamanin da waɗannan biyu suka haɗu, sana'ar ta yi albarka. Zamanin da suka rabu kuwa, sai ta koma hannun ƴan tsiraru.

Mu faro daga ƙarni na 19. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da ya soma a 1804, tsohuwar zuriyar sarautar Katsina ta bar birninta wajen 1807 ta nausa arewa, ta yi ta gaganiya har ta samu gindin zama a Maraɗi, a bakin Gulbi, ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Gobirawa su ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tibiri ƙarƙashin Mayaƙi, ƴar tafiya kaɗan daga Maraɗi. Sarauta ba ta ƙaura ita kaɗai. Magina da maƙera da masaƙa da marina da majema da dukawa duk suka biyo, kowace sana'a da shugabanta da gidajen da suka gaje ta. Ƙasa ce ta yaƙi da hari a wancan lokaci, amma duk da haka mutane sun ci gaba da yi wa ginin gida da riga da linzamin doki ado. Fatar jar akuyar wannan yanki, wadda majema suka ƙware wajen jemarta, ayari ke ɗauka ya ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa danganta ta da Maroko don ta can take isa gare su.

Bango shi ne farkon wurin nuninmu. Magini yakan zana a jikin ɗanyen yaɓe kafin ya bushe, da yatsa ko da ƴar wuƙa, ya fitar da dagi da zobba da layuka masu sarƙewa a goshin zaure da gefen ƙofa, ya ɗora zankaye a kusurwoyi, sannan a shafe da makuba don ruwa ya zame. Malamai suna ƙyamar siffanta mai rai, shi ya sa basirar magina ta karkata ga ƙulli da lissafi da daidaiton hagu da dama, kuma suka kai matuƙa a nan. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina ya daɗe yana shaida haka, gidajen unguwar Birni a Damagaram kuma shaida ne har yau. Abin lura shi ne ginin ƙasa ba ya barin ado ya tsufa a wuri guda. Damina takan wanke yaɓe, da kaka a sake shi, kuma a sabon yaɓe magini yakan ƙara wani abu ko ya sauya fasali. Ruwan sama ne ya fara koya mana sauya nuni, shekara bayan shekara, ba tare da wani ya tsara ba.

Da ka wuce wannan goshi sai zaure, kuma shi ne kakan farfajiyar da muke magana a kai. A nan baƙo ke yin sallama ya jira maigida, a nan ake hira da cin tuwon dare, a nan kuma masu sana'a ke aiki a idon kowa. Maɗinki yana zaune yana fitar da aska takwas a ƙirjin babbar riga, baduku yana yanka fata yana ƙawata zabira da kube da laya, malami yana yi wa allon ɗalibin da zai yi sauka zayyana da tawada baƙa da ja da ruwan ɗorawa. Mai jira ba ya zaman banza. Idonsa na kan aikin, yana yabawa ko yana kushewa, ya tambayi farashi, ya kai labari wata unguwa. Ta haka sunan gwani ke fita, ta haka kuma yaro ke fara sha'awar sana'ar tun bai taɓa allura ba. Babu kuɗin shiga, babu gayyata. Wanda ya zo da wata buƙata dabam yakan tashi da ilimin abin da ake kira kyakkyawan aiki.

Mata suna da nasu dandalin a cikin gida. Jeren ɗakin amarya, tun yana na ƙore da faya-faye da tasoshi, nuni ne na gaske: uwa da gwaggo da inna su yi shekaru suna tarawa, ranar jere ƙwararru su tsara komai bisa girma da launi, sannan matan gari su yi ta zuwa gani suna auna na wance da na wance. A wajen gida kuma ga kasuwa. Kasuwannin ƙauye ba sa ci rana ɗaya. Yau nan, gobe can, har mako ya zagayo. Mai sassaƙar ƙwarya da mai tukwane da masaƙin tabarma suna bin su da kayansu a kan jaki, daga ƙasar Gidan Rumji zuwa ta Agye da Gazawa da Tasawa. Sabon zanen da aka ƙirƙiro a wani ƙauye, kafin wata ya kama ya bazu a kasuwa goma. Wanda ke Gidan Sori bai buƙaci zuwa birni ba kafin ya ga abin da gwanayen nesa ke yi.

Shi ma wasan kwaikwayo tun can yana tafe da aikin hannu. In an yi girbi, samari da ƴanmata sukan shirya wasan kara, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogaransu suna kwaikwayon manya, daga baya har da kwamanda da likita da jandarma. Kayan wasan kuwa su suke ƙera abinsu da karan gero da na dawa: bindiga da agogo da tabarau da mota. Ƴan kallo sukan taru tun kafin a fara don su ga wa ya fi iya ƙira. Ƴan tashe na watan azumi su ma haka, rabin armashin wasansu a shigar da suka haɗa yake. Ashe ganin aikin hannu kafin kallon wasa tsohuwar hanya ce a wurinmu.

Sauyi na farko mai girma ya zo da Turawa. Faransa ta riƙe arewa, Ingila ta riƙe kudu, aka ja iyaka tsakanin Maraɗi da Katsina, amma ciniki bai san da ita ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna a Maraɗi, kuma daga cikin dillalan gyaɗa aka samu alhazan da garin ya yi suna da su. Kantuna suka kawo atamfa da yadi da fenti da kwanukan sha masu furanni. Jeren amarya ya tashi daga ƙwarya ya koma kwano, daga bisani ya shiga kabad mai gilashi. Magina a Kano da Zariya da Damagaram suka fara sa keke da agogo da mota da jirgin sama a jikin bango, alamar maigida ya ga duniya. Idon jama'a ya saba da sababbin launuka, amma masassaƙin ƙwarya da masaƙi suka fara rasa manyan masu sayensu.

A 1945 ambaliyar Gulbi ta rushe tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, aka tashi mutane aka mayar da su tudu, aka yanka sabon gari mai miƙaƙƙun hanyoyi. Zauruka da yawa masu tsohon ado sun tafi da wannan ruwa. Sabon gari ya tashi a zamanin da siminti da kwanon rufi ke shigowa, kuma bangon siminti ba ya neman yaɓe duk shekara, don haka ba ya kiran magini ya sake zane. A daidai lokacin ne lakwal ta kawo wani abu da ba mu saba da shi ba: zane a kan takarda, wanda za a iya ɗauka a rataye a kuma sauke, da sunan mai shi a ƙasa. Makarantar William Ponty ta Senegal, inda Bubu Hama da Diori Hamani suka yi karatu, ta shahara tun shekarun 1930 da wasannin da ɗalibai ke shiryawa kan tarihin ƙasashensu. Malaman da suka dawo daga can su suka dasa teyatur na dandamali da labule a garuruwanmu, kuma mutane irin su Mahamman Ɗandobi suka rubuta wasanni tun kafin ƴancin kai.

Ita al'adar rataye zane a harabar gidan wasa daga Turai ta samo siffar da muka san ta da ita. Can sanyi ya sa ana wasa a rufaffen gini, ana kuma tsagaitawa a tsakiya, sai ƴan kallo su fito wani babban falo su miƙe ƙafa su gaisa. Masu gini suka ga falon ya cancanci ado. Na gidan opera na Paris da aka buɗe a 1875 an cika rufinsa da zane. Bayan yaƙin duniya na biyu tunanin ya faɗaɗa. André Malraux, wanda ya zama ministan al'adu na Faransa a 1959, ya kawo tsarin gidajen al'adu inda wasa da nunin zane da sauran fasahohi za su zauna ƙarƙashin rufi ɗaya, aka buɗe na farko a garin Le Havre a 1961. Hikimar ita ce wanda ya zo don abu ɗaya ya tarar da na biyu a kan hanyarsa. Wannan tsari ne aka ɗauko aka kawo ƙasashen da Faransa ta mallaka, kuma ya samu karɓuwa a nan da sauri saboda ya tarar da ƙasa a jiƙe.

Nijar ta zama jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958, ta samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, kuma tsakanin waɗannan ranaku biyu aka aza wani tubali mai muhimmanci. A 1959 Bubu Hama, tare da Pablo Toucet wanda ya zama shugabansa na farko, suka buɗe gidan tarihi na ƙasa a Yamai. Ba su yi shi irin na Turai ba, inda komai ke kulle cikin gilashi. Sun gina ɗakunan nuni da fasalin ginin Hausa da adonsa, suka kafa bukkoki da tantuna irin na kowace ƙabila, sannan suka zaunar da dukawa da maƙeran azurfa da masaƙa a cikin harabar suna aiki suna sayarwa. Mai ziyara yana ganin tsohuwar riga a ɗaki, ya fito ya tarar da mai yin irinta a inuwa. Talakawa suka riƙa cika wurin, musamman ranakun salla, abin da gidajen tarihi da yawa a Afirka ba su samu ba. Yau gidan yana ɗauke da sunan Bubu Hama, kuma ya cancanta.

A 1963 aka kafa cibiyar al'adu ta haɗin gwiwar Faransa da Nijar a Yamai, wadda daga baya ta yi reshe a Damagaram. A nan ne tsarin nuni mai sauyawa ya zauna da gindinsa. Cibiyar tana da dandamalin wasa da ɗakin karatu da zauren nuni, kuma tana da jadawali. Akan zaɓi mai zane, a sa masa rana, ya kawo ayyukansa a rataye su daidai da idon mai tsaye, a liƙa suna da farashi, a yi daren buɗewa, bayan ƴan makonni a sauke a ba wani. Wannan ƴar ƙa'ida ta yi aiki babba. Sa rana yana tilasta wa mai zane ya kammala aiki, sauyawa tana sa mai kallo ya dawo, sunan da aka liƙa yana sa a san gwani a neme shi. Zamanin ne na Mustafa Alhasan, wanda ya fara da zana hotuna yana haska su da fitila ga mutane, mai shirya fim Jean Rouch ya ja shi a jiki, har ya zama cikin na farko da suka yi fim ɗin zane mai motsi a Afirka ta Yamma a tsakiyar shekarun 1960. Zamanin ne kuma na Philippe Koudjina, mai hoton da ya adana mana fuskokin matasan Yamai na wancan lokaci.

Maƙwabta ma ba su zauna ba. A Zariya, tun 1958 wasu ɗaliban zane, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suna cewa dabarar Turawa sai an haɗa ta da gadon gida, kuma sashen da suka yi karatu ya zama na Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A Dakar, Shugaba Senghor ya tara duniyar baƙar fata a 1966, aka yi wasanni a gidan wasa na Daniel Sorano, aka yi babban nunin sassaƙa da zane a gefe. Sai dai duk wannan haske a manyan birane ya tsaya. Masu zuwa buɗe nuni a Yamai ma'aikata ne da ƴan lakwal da Turawa, masu saye kuma galibi baƙi ne da ke ɗaukar zanen su tafi da shi ƙasarsu. Manomin Gidan Sori, wanda kakansa ke ganin sabon zane duk ranar kasuwa, bai san ana yi ba.

Wannan giɓi ne zamanin Seyni Kunce ya rage. Ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ƙasa na fama da fari da yunwa, gyaɗa ta faɗi, amma kuɗin yuraniyom na Arlit sun fara shigowa. Gwamnatin soja ta farfaɗo da samariya a kowace unguwa da kowane ƙauye, da sarkin samari da mataimakansa. Babu mai musun cewa hanya ce ta riƙe matasa da isar da saƙon hukuma, kuma baki ba shi da ƴanci sosai a lokacin. Amma a fannin al'adu an yi wani abu da ba a taɓa yi ba: an sa bukukuwan ƙasa yawo. Gasar kokowa ta ƙasa ta fara a Tawa a 1975, Yakubu Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Daga 1976 bikin matasa na ƙasa ya riƙa zagaya manyan garuruwan jihohi bakwai na lokacin, duk shekara da mai masaukin baƙi, kuma duk garin da zai karɓa sai an yi masa gine-gine.

Ta haka gidajen matasa da al'adu suka tsaya da ƙafafunsu a jihohi. Na Maraɗi shi ke ɗauke da sunan Bawa Ɗan Wardanga a yau. Zafin ƙasarmu ya sa dandamalin a fili yake, sama ce rufinsa, wasa kuma sai dare. Saboda haka falon da Turawa suka sani ya zama farfajiya da baranda da ƴan ɗakunan gefe, kuma a nan kayan sana'a da zane ke zama da rana. Abin da ya fi komai daraja shi ne matakalar da aka kafa. Ana tankaɗe tun daga ƙauye, a je gunduma, a je jiha, sannan a kai ga bikin ƙasa. Yaron da ya iya zane a wani ƙauyen Gobir, shi ake kira ya zana bangon wasan samariyarsu, ya rubuta allon sanarwa, ya haɗa kayan ƴan rawa, kuma aikinsa yana iya bin tawaga har Agadas ko Difa. Rediyo da Tele Sahel suna yaɗa wasannin Yazi Dogo da abokansa na Damagaram, mutane suna ɗokin teyatur, kuma wannan ɗoki ne ke cika farfajiya. A Yamai aka gina babbar cibiyar da aka sa wa sunan Umaru Ganda, mai shirya fim da ya rasu a farkon 1981, mai ɗaukar dubban ƴan kallo.

Shekarun nan ne kuma duniya ta waiwayi aikin Hausawa da idon girmamawa. A 1976 David Heathcote, malami a jami'ar Zariya, ya shirya babban nunin fasahar Hausa a Landan, cikin bikin duniyar Musulunci da aka yi a can, inda aka baje riguna da huluna da aikin fata da ƙore da alluna masu zayyana. A farkon 1977 aka yi bikin al'adu na FESTAC a Legas, aka yi hawan dabarsa a Kaduna. Babban gidan wasa na ƙasa da aka gina a Iganmu saboda bikin an yi masa zaurukan nuni tun daga tushe, aka ƙawata shi da aikin masu zane da sassaƙa na Najeriya. Gwamnatocin lokacin sun ɗauka cewa gidan wasa bai cika ba sai da wurin nuna aikin hannu, kuma sun sa kuɗi a kan wannan ra'ayi.

Daga nan tafiya ta fara sanyi. Farashin yuraniyom ya karye a farkon shekarun 1980. Farin 1984 ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi, aka shiga yunwar da mutanen Maraɗi ke kira El-Buhari. Masu ba da bashi suka sa a tsuke bakin aljihu, kuma kasafin al'adu ne ya fara shan wuƙa. Kunce ya rasu a Nuwamba 1987. Babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu da ƴancin faɗin albarkacin baki, alheri ne babba, amma samariya ta tafi tare da tsohon tsari, ba a kuwa kafa wani abu a gurbinta da zai riƙa tankaɗo masu basira daga ƙauye ba. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, fenti da burushi da yadin zane da ake shigowa da su suka ninka kuɗi. Gidajen al'adu suka koma dogaro da hayar biki da taron siyasa. Ƙurar hunturu da laimar damina da gara ba sa raga wa zanen da aka bari ba mai kula, kuma ayyuka da yawa na zamanin bukukuwa haka suka salwanta, ba hoto ba rajista.

Masu zane dai ba su ajiye burushi ba, wuri suka sauya. Suka koma allunan masu aski da teloli da masu gyaran rediyo, da jikin manyan motocin da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya da Katsina. Ƙungiyoyin agaji suka riƙa ba su aikin zanen faɗakarwa kan riga-kafi da tsafta da dashen itace, wanda ya ciyar da gidaje da yawa, ko da yake saƙon na mai biya ne. Fim ɗin Hausa na bidiyo, wanda aka fara da Turmin Danya a Kano a 1990, ya janye ƴan kallo daga dandamali zuwa gidajen kallo, fastocinsa suka rufe bangayen kasuwa. A Yamai, irin su Rissa Ixa da Bubakar Buraima suka riƙe zanen nuni da haƙuri, suna koyar da na baya, suna kuma jingina da cibiyar al'adu da gidan tarihi da ƴan otal-otal. Basira tana nan, abin da ya ɓace shi ne hanyar da ke haɗa ta da jama'ar karkara.

Sabon ƙarni ya zo da yunƙurin gyara. Tun 2000 ake yin baje kolin sana'ar mata na SAFEM a Yamai, inda matan jihohi ke kai saƙa da rini da aikin fata. Zaɓen 2004 ya ba garuruwa irin su Gidan Sori majalisa da magajin gari, wato hukuma ta kusa da za ta iya ɗaukar nauyin al'adun wurinta. A Disamba 2005 Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, inda zane da sassaƙa da ɗaukar hoto suka shiga gasa kafaɗa da kafaɗa da tsere da kokowa. Daga 2006, zamanin Tanja Mamadu, aka mayar da bikin 18 ga Disamba mai yawo, aka fara da Damagaram. Bayan ɗan tsaiko aka ci gaba a zamanin Mahamadu Isufu: Doso a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, sannan Agadas da Tawa da Damagaram. Tsohuwar dabarar kai biki inda mutane suke ta sake nuna ƙarfinta, garuruwa suka samu hanyoyi da gine-gine, masu sana'a suka samu rumfunan nuni.

Amma bikin da ke zuwa wa gari sau ɗaya cikin shekaru masu yawa ba ya raya sana'a shi kaɗai. Ana gama shagali rumfuna ke watsewa, ginin ya rage, jadawalin da zai cika shi babu. Wayar hannu ta ɗan toshe wata kafa, don mai zane yana iya nuna aikinsa a WhatsApp da Facebook ya samu mai saye daga nesa, sai dai ba ta nuna girman aiki da kaurin fenti da ƙamshin fata, ba ta kuma haɗa baƙi biyu su tsaya gaban abu ɗaya su yi gardama. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da ɓacin dangantaka da Faransa, cibiyar Yamai da ta daɗe da sunan Jean Rouch ta koma hannun Nijar, aka sa mata sunan Mustafa Alhasan a 2024. An karrama ɗan ƙasa mai zane, kuma nauyin da wasu suka daɗe suna ɗauka, na tsara nuni da biyan kuɗinsa, ya dawo wuyanmu gaba ɗaya.

Wannan doguwar tafiya ta nuna mana inda ƙarfin yake. Manyan gine-gine sun taimaka, amma abin da ya raya nuni a kowane zamani abu uku ne masu sauƙin kuɗi: lokaci sananne da kowa ke jira, mutum guda da aka ɗora wa alhakin zaɓa da ratayewa da adanawa, da hanyar da ke ɗauko aiki daga ƙauye ta kai shi birni ta kuma dawo da na birni ƙauye. Zamanin bukukuwan matasa ya samu na farko da na uku, ya yi sakaci da adanawa, shi ya sa muke da labarinsa ba mu da kayansa. Cibiyar Yamai ta samu na farko da na biyu, ta kasa kaiwa karkara. Ba a taɓa haɗa ukun a wuri guda ba, kuma jihar Maraɗi, da yawan jama'arta da kasuwanninta da jami'arta ta Ɗan Dikko Ɗankulodo da attajiranta, ta fi ko'ina cancantar ta fara.

Aikin ba ya neman jiran wani babban biki. Gidan al'adu na Maraɗi zai iya ware wa kowace gunduma watanta a shekara, Gidan Rumji da Agye da Gazawa da sauransu, a rubuta sunan kowane mai aiki da garinsa, a ɗauki hoton kowane abu kafin a sauke shi. In an sauke, kayan su bi ranakun kasuwa zuwa harabar magajin gari da makarantu, a gayyaci baduku da mai zayyana da mai sassaƙar ƙwarya su tsaya tare da mai fenti da mai kyamara a matsayi ɗaya. Alhazan da ke gina masallatai da makarantu za su iya sayen aiki ɗaya daga kowane nuni su bar wa gari. Magabatanmu sun yi nasu da ƙasa da kara da fata, cikin yaƙi da fari, kuma sun bar mana ido mai gane kyau. Hakkin da ke kanmu shi ne yaron da ke tasowa yau a Gidan Sori ya ga aikin gwanayen ƙasarsa da idonsa tun yana ƙarami, ya kuma san cewa in ya ƙware akwai bangon da ke jiran nasa.